Abinci da garkuwar jikin tsofaffi: abin da kwano ke iya yi idan bairos ya zo, da abin da ya fi ƙarfinsa

Mura ɗaya za ta shiga gida ta kama jika da kakarsa. Yaron ya yi 'yan kwanaki yana jan majina, ya wartsake ya koma wasansa. Tsohuwar kuwa sai ta kwanta, ta daina cin abinci, ta fara ruɗewa, kafin a ankara abin ya sauka a huhu. Ƙwayar cutar iri ɗaya ce, jikin da ta tarar ne ya bambanta. Alƙaluma ma haka suke nunawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa murar nan mai zuwa shekara-shekara, wato infuluwenza, tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a duniya kowace shekara ta hanyar cututtukan numfashi. Cibiyar daƙile cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kashi 70 zuwa 85 cikin 100 na masu mutuwa da ita a can 'yan shekara 65 ne zuwa sama. Da korona ta ɓarke a 2020, kusan 8 cikin kowane 10 da suka rasu a Amurka a farkon annobar suna cikin wannan rukunin shekaru.

Daga nan kasuwar "ƙara ƙarfin garkuwar jiki" ta samu gindin zama. Kwalaben bitamin, garin wannan, ruwan wancan, kowanne da alƙawarin zai mayar da tsoho gagarau. Masu saye ba wawaye ba ne. 'Ya'ya ne da jikoki da ke tsoron kada a rasa dattijon gida, kuma hankalinsu bai yi ƙarya ba da ya ba su cewa abinci na da hannu a lamarin. Yana da hannu, babba ma. Sai dai ba a wurin da masu talla ke nunawa ba, kuma ba za a gane wurin ba sai an san abin da shekaru ke yi wa garkuwar kanta.

Abin da shekaru ke yi

Mutane sukan ɗauki garkuwar jiki a matsayin abu guda mai hawa da sauka, a ce ta wane ta yi ƙasa, a ɗaga ta. Alhali tsari ne mai sassa da yawa, kuma tsufa ba ya taɓa su iri ɗaya. Wani sashen ya yi sanyi, wani ya yi zafi fiye da kima.

Bairos ba ya iya hayayyafa shi kaɗai yadda bakteriya ke yi. Sai ya kutsa cikin ƙwayar halittar mutum, a hanci ko maƙogwaro ko huhu, ya tilasta mata ta riƙa buga masa kwafi. Shi ya sa maganin kashe bakteriya ba ya masa komai, shi ya sa kuma jiki ke buƙatar masu iya gane ƙwayar halittar da aka shiga su hallaka ta da abin da ke cikinta. Wannan aikin ƙwayoyin T ne, wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini. Asalinsu daga ɓargo ne, amma a wata 'yar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji, wadda ake kira taimos, suke kammaluwa. Taimos tana kan ganiyarta a yarinta. Daga balaga sai ta shiga motsewa, kitse na maye gurbinta, har ya zamana a wajen mai shekara 70 abin da ya rage yana aiki kaɗan ne ƙwarai. Don haka sababbin ƙwayoyin T, waɗanda ba su taɓa haɗuwa da wata cuta ba kuma za su iya koyon sabuwa, suna ƙaranci. Abin da ya cika jinin tsoho su ne masu tuna cututtukan da ya riga ya sha fama da su.

Wannan tunawar tana da rana. A annobar murar aladu ta 2009, tsofaffi ba su kamu yadda aka yi fargaba ba, domin da yawansu sun haɗu da dangin wannan bairos tun suna yara, kafin 1957. Korona kuwa baƙuwa ce ga kowa, babu wanda jikinsa ya san ta, sai aka koma kan wa ke da sababbin ƙwayoyin da za su koye ta da sauri. A nan tsofaffi suka sha kashi.

Akwai kuma wani bairos mai suna CMV da mafi yawan manya a duniya ke ɗauke da shi ba tare da sun sani ba. Ba ya barin jiki, garkuwa kuma ba ta daina tsaronsa, har ya kai a wasu tsofaffi fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin T masu kisa nasa aikin kaɗai suke yi. Haka bairos ɗin ƙarambau da mutum ya yi yana yaro ke lafewa a jijiyoyi shekaru aru-aru, sai tsaro ya yi sako-sako ya fito da ƙuraje masu azabar zafi a gefe ɗaya na jiki.

Kafin ƙwayoyin T su iso, abin da ke riƙe da ƙofa shi ne intafiron, sinadarin da ƙwayar halittar da aka shiga ke fitarwa don na kusa da ita su shirya. A jikin tsoho yakan makara. A 2021 tawagar Jean-Laurent Casanova da Paul Bastard ta nuna cewa kusan kashi 4 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 70 jikinsu na ƙera abin da ke kashe kaifin intafiron ɗinsu da kansu, kuma an samu haka a wajen kashi 20 cikin 100 na waɗanda korona ta kashe. Babu abincin da ke gyara wannan, kowa ya ce yana da shi a kwalba ƙarya yake.

Ɗaya ɓangaren kuwa zafi ya yi. A 2000 masanin nan na Italiya, Claudio Franceschi, ya bayyana wani ƙaramin kumburi da ke zaune daram a jikin tsofaffi ko da ba su da ciwo, ana ganinsa a gwajin jini ta hauhawar sinadarai irin su IL-6 da CRP. Idan bairos ya shiga irin wannan jiki, martanin da ya kamata ya zo da wuri ya makara, wanda ya kamata ya tsaya kan lokaci ya ƙi tsayawa. Mafi yawan ɓarnar da aka gani a huhun masu korona mai tsanani ta wannan kumburin ce. To wanda garkuwarsa ke haka, mene ne ma'anar a "ƙara mata ƙarfi"? Wane sashen za a ƙara wa?

Wani abu da masu jinya ya kamata su riƙe: zazzaɓi ma yana tsufa. Wajen kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na tsofaffin da cuta mai tsanani ta kama jikinsu ba ya yin zafi yadda aka saba. Alamar takan zama ruɗewa, yawan barci, faɗuwa, ko ture kwano.

Inda abinci ya shigo

Tun 1968 Nevin Scrimshaw da abokan aikinsa suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya dogon rahoto kan yadda yunwa da cuta ke taimakon juna: yunwa ta buɗe wa cuta ƙofa, cuta ta ƙara yunwa. Yaron da tamowa ta kama, taimos ɗinsa tana motsewa, ƙwayoyin T ɗinsa suna raguwa, raunukansa ba sa saurin warkewa. Duk abin da tsufa ke yi ke nan. Saboda haka idan tsoho ya rasa isasshen abinci, rauni biyu masu kama da juna ne suka hau kansa. Na tsufa ba ya juyuwa. Na yunwa yana juyuwa. Duk wani alheri da abinci ke yi wa garkuwar tsoho yana cikin wannan tazarar, kuma tazara ce mai faɗi fiye da yadda ake zato, domin yunwar tsofaffi ba ta da amo.

Ba sai gida ya rasa abinci ba. Ka tambaya, "Baba, ka ci abinci?" ya ce, "Na ci, alhamdulillahi." Kuma bai yi ƙarya ba. Da safe ya sha shayi da burodi. Da rana ya yi loma huɗu ya ce ya ƙoshi, naman ya ture shi gefe domin haƙori ba ya iya taunawa, kuma ba zai faɗa ba. Da dare shayi ne kuma. A hankali agogo ya fara zamewa daga tsintsiyar hannu, zobe na juyawa a yatsa, gefen goshi ya faɗa, in zai tashi daga kujera sai ya dafa hannu biyu. 'Yan gida suna ganinsa kullum, don haka baƙon da ya daɗe bai zo ba ne yakan fara cewa, "Kai, Baba ya rame."

Likitocin tsofaffi sun daɗe da sanin wannan raguwar sha'awar abinci, John Morley na cikin waɗanda suka fara fayyace ta a ƙarshen shekarun 1980. Ɗanɗano da jin ƙamshi suna dushewa. Ciki yana jinkirin sauke abin da aka ci, sai ƙoshi ya zo da wuri ya daɗe. Ga bushewar baki, ga wahalar haɗiya, ga tarin magunguna masu ɗaci a baki ko tayar da zuciya. Ga kaɗaici, wanda ni a ganina an fi raina shi a cikinsu duka, domin mutumin da ya shekara 40 yana ci da wani, ranar da ya koma ci shi kaɗai ba ya ci da yawa. Ƙa'idar da likitoci ke bi mai sauƙi ce: tsohon da ya rasa fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata 6 ba tare da ya nufa ba, a bincika. Mai kilo 60 ke nan ya sauka da kilo 3. Ma'aunin nauyi ya fi kwalabe da yawa amfani a ɗakin tsoho.

Furotin da tsoka

Idan aka ce a zaɓi abu ɗaya, furotin ne. Sinadaran kariya da jiki ke ƙerawa furotin ne. Intafiron furotin ne. Idan bairos ya shiga, ƙwayar T guda da ta gane shi sai ta rarrabu ta zama dubbai cikin 'yan kwanaki, kuma kowace rarrabuwa kayan gini take ci. Jiki yana ajiye mai a kitse, yana ajiye ɗan sukari a hanta, amma ba shi da wata ma'ajiya ta furotin dabam. Tsoka ce rumbunsa: ranar da ciwo ya zo, baki ya rufe, buƙata ta ƙaru, daga nan ake ɗiba, kuma wanda ya shiga ciwo da rumbu rabi ba zai kai inda mai cikakke zai kai ba.

Ita kuwa tsoka tun daga wajen shekara 30 take raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara 10, bayan 60 abin ya ƙara sauri. Kwanciya na ninka matsalar. A wani gwaji da aka wallafa a 2007 a Amurka, an kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya, matsakaicin shekarunsu 67, kwana 10 a gado. Sun rasa kusan kilo 1 na tsoka daga ƙafafu kaɗai. Matasan da aka taɓa kwantarwa kwana 28 ba su rasa ko rabin haka ba. Waɗannan fa lafiyarsu ƙalau, suna kuma cin abincinsu. Sai a ƙaddara wanda ke kwance da zazzaɓi ba ya ci. Kuma ba tsokar ƙafa kaɗai ke tafiya ba. Tari aikin tsoka ne, haɗiya aikin tsoka ce. Tsohon da ba ya iya yin tari mai ƙarfi, majina na taruwa a huhunsa. Wanda haɗiyarsa ta yi rauni, ruwa da abinci na zamewa hanyar iska. Ta haka murar da ta fara a hanci ke ƙarewa da nimoniya, wato ciwon huhu.

Adadin da aka daɗe ana faɗa wa manya shi ne giram 0.8 na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. A 2013 wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa, PROT-AGE, ya ce wannan bai ishi wanda ya haura 65 ba. Ya ba da shawarar giram 1.0 zuwa 1.2 ga mai lafiya, 1.2 zuwa 1.5 ga mai ciwo. Dalili shi ne tsokar tsoho ta yi taurin kai: ɗan furotin da zai sa ta matashi ta fara gini, ta tsoho ba ta ko motsawa sai an kai wajen giram 25 zuwa 30 a zama ɗaya. Ga lissafin a aikace. Mai kilo 60 na buƙatar giram 60 zuwa 72 a rana, in ba shi da lafiya 72 zuwa 90. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Kofin madara 8. Kofin dafaffen wake wajen 15. Giram 100 na dafaffen kifi ko nama wajen 25. Duk wanda ya zauna ya haɗa wannan da abin da dattijon gidansu ke ci a zahiri zai ga giɓin da idonsa, musamman a abincin safe. Kuma tara furotin duka a abinci ɗaya bai kai raba shi sau uku ba. Mai matsalar haƙori a dafa masa ya yi laushi, a niƙa, a yayyanka. Wannan ba ƙasƙanci ba ne.

Akwai togiya a nan. Mai ciwon ƙoda da ya yi nisa, wanda ba a fara yi wa wankin ƙoda ba, ba ya cikin wannan lissafin, likitansa ne zai yanka masa adadi. Sannan furotin ba tare da motsi ba rabin aiki ne. Tashi da zama daga kujera sau da yawa a rana, tafiya, ɗaga abu mai ɗan nauyi, su ke gaya wa tsoka ta karɓi abin da aka ci.

Kwalabe

Ta nan ne aka fi yaudarar mutane, domin kowace kwalba tana da ɗan gaskiya a bayanta.

Ɗauki zink. Likita Ananda Prasad ne ya fara nuna ƙarancinsa a jikin ɗan'adam a farkon shekarun 1960, a kan wasu samari a Iran da Masar da girmansu ya tsaya. Ƙwayoyin T ba sa kammaluwa sai da shi. Buƙatar ba ta da yawa, miligiram 11 a rana ga namiji, 8 ga mace, ana samunsa a nama, kifi, wake da gyada. A wani bincike na 2007 kan gidajen kula da tsofaffi a yankin Boston na Amurka, wajen kashi 30 cikin 100 na mazauna suna da ƙarancin zink a jini, kuma su suka fi kamuwa da nimoniya, ta kuma fi daɗewa a jikinsu. Amma da cibiyar lafiya ta Cleveland Clinic a Amurka ta gwada ba masu korona 214 da ke jinya a gida zink mai yawa da bitamin C, sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna ba su riga sauran warkewa ba. Wanda kuma ya daɗe yana haura miligiram 40 a rana, zink ɗin na hana hanji tsotsar sinadarin jan ƙarfe, jini ya ragu, fararen ƙwayoyin jinin da ake son ƙarfafawa su faɗi.

Labarin bitamin D haka yake, sai dai ya fi tsawo. Fatar mai shekara 70 ba ta yin rabin abin da ta matashi ke yi daga hasken rana, ga shi tsofaffi da yawa ba sa fita. A 2017 Adrian Martineau da tawagarsa sun haɗa gwaje-gwaje 25 da suka ƙunshi mutum sama da 11,000, suka ga raguwar kusan kashi 12 cikin 100 a cututtukan numfashi. Da aka tsefe alƙaluman, ribar ta fi taruwa a wajen masu ƙaranci mai tsanani, waɗanda ke shan ɗan kaɗan kullum ko mako-mako. Masu haɗiye babban adadi lokaci guda ba su samu komai ba. Da korona ta zo, an gwada a mutum 6,200 a Birtaniya, ba a ga raguwar kamuwa ba. A Brazil an ba masu kwance a asibiti IU 200,000 (IU ma'aunin adadin bitamin ne) a tashi ɗaya, bai rage musu kwanakin jinya ba. A Ostireliya ma, a 2010, tsofaffin matan da aka ba IU 500,000 sau ɗaya a shekara sun fi sauran faɗuwa da karaya. Abin da aka tsayar ga wanda ya haura 70 shi ne IU 800 a rana, kada a wuce 4,000 sai da umarnin likita.

Bitamin E ya fi su ban mamaki. A 2004, gwajin Simin Meydani a kan tsofaffi 617 a Boston ya nuna ya ɗan rage mura, amma bai rage ciwon huhu ba. Shekara biyu kafin nan, a Holan, cikin tsofaffi 652 masu cin abinci mai kyau, waɗanda suka sha shi idan sun kamu ciwon ya fi daɗewa da tsanani. Bitamin C kuwa, da shan sa kullum da rashin sha duk ɗaya ne wajen kamuwa da mura ga yawancin mutane, iyakarsa ya rage tsawonta da wajen kashi 8 cikin 100 a manya.

Zaren da ya ɗinke su duka ɗaya ne. Inda akwai giɓi, cike shi na taimakawa. Inda babu, ƙari ba ya ƙara komai, wani lokaci ma ya cutar.

To daga ina imanin cewa kwalbar bitamin ɗaya na raba tsoho da cuta ya samo ƙarfi? Wani kaso nasa daga rahoton da Ranjit Chandra na Kanada ya wallafa a mujallar Lancet a 1992, inda ya ce haɗin bitamin ya rage kwanakin ciwon tsofaffi da rabi. An shekara da shekaru ana kafa hujja da shi. Wasu suka gwada a Sikotilan a kan mutum 910 'yan 65 zuwa sama, a 2005 suka ce ba su ga bambanci ba. A ƙarshe, bayan doguwar taƙaddama kan sahihancin ayyukansa, Lancet ta janye rahoton a 2016. Janyewar ba ta yi amon da wallafawar ta yi ba, kamar yadda aka saba.

Biyu sun cancanci a ware su. Bitamin B12, domin kashi 10 zuwa 30 cikin 100 na tsofaffi cikinsu ba ya fitar da isasshen ruwan tsami da zai ɓanɓaro shi daga abinci, kuma metformin na masu ciwon sukari da omeprazole na masu gyambon ciki suna ƙara matsalar. A nan ko abinci ya yi kyau ana iya buƙatar ƙwaya ko allura, gwajin jini ne zai nuna. Sai seleniyam, saboda wani abin al'ajabi da ya fito daga cutar zuciya da aka fara gani a gundumar Keshan ta arewa maso gabashin Sin a 1935, yankin da ƙasarsa ke da ƙarancin wannan sinadari. A 1995 Melinda Beck da Orville Levander suka nuna cewa bairos marar illa, idan ya ratsa jikin ɓeran da ba shi da seleniyam, yana rikiɗa ya zama mai lalata zuciya, har ya cutar da ɓerayen da ke da isasshe. Wato yunwar mai ɗauke da cuta na iya sauya cutar kanta. A ɓera aka gani, kuma buƙatar mutum maikirogiram 55 ce kawai a rana, yawansa guba ne.

Hanji, da batun ƙiba

Babban kaso na ƙwayoyin garkuwa a bangon hanji suke zaune, kusa da bakteriya masu amfani da ke cin ɓawo da zaren da ke cikin ganye, wake, 'ya'yan itace da hatsin da ba a surfe ba, su fitar da sinadaran da ke kwantar da kumburi. A 2012 bincike a kan tsofaffi 178 a Ailan ya nuna waɗanda abincinsu ya koma kala ɗaya, musamman masu dogon zama a gidajen kulawa, bakteriyar hanjinsu ta ragu iri, kumburi da raunin jiki sun ƙaru. Wani gwaji a ƙasashen Turai 5, a kan mutum 612 'yan 65 zuwa 79, ya ga shekara ɗaya ta cin ganye, wake, kifi da man zaitun ta sauya bakteriyar zuwa irin da ke tafiya da ƙarancin kumburi. Abincin tsoho ya riƙa sauya kala, shi ke nan darasin.

Kada kuma a ɗauka mai ƙiba ya tsira. Ana iya samun kitse da yawa a kan tsoka kaɗan. Kitsen ciki na ƙara kumburi, kuma a wani bincike na 2017 a Amurka, masu ƙiba da aka yi wa allurar rigakafin infuluwenza sun ninka marasa ƙiba kamuwa. Sukarin jini da ya yi sama shi ma yana dakushe fararen ƙwayoyin jini. Duk da haka matsa wa mai shekara 80 ya rage nauyi ta hanyar yunwa ganganci ne, domin tsoka ke fara tafiya. Haka ma hana shi gishiri, mai da duk wani abu mai daɗi har abincin ya zama ba ya ciyuwa: an gyara lamba a takardar gwaji, an rasa mai cin abincin.

Idan ciwon ya riga ya zo

Hujja mafi ƙarfi a duk wannan fanni daga asibitoci 8 na Suwizalan ta fito, a 2019. An ɗauki marasa lafiya sama da 2,000, galibinsu tsofaffi, waɗanda alamu suka nuna suna cikin haɗarin rashin abinci. Rabi aka bar su da abincin asibiti yadda aka saba. Ɗaya rabin masanin abinci ya lissafa wa kowa buƙatarsa ta kuzari da furotin, aka bi shi da ƙarin ciye-ciye da abin sha mai gina jiki har ya cimma adadin. Cikin kwana 30, kashi 10 cikin 100 na rukunin farko sun rasu, na biyu kashi 7. Ba wani sabon magani, abinci ne da aka tabbatar ya shiga ciki. Kaɗan ne daga kwalaben da ake talla za su iya nuna ko kusa da wannan.

A gida ma'anarsa ita ce kada a jira sai ya ce yana jin yunwa, domin ba zai ce ba. Kowane digiri ɗaya na zazzaɓi na ƙara abin da jiki ke ƙonawa da sama da kashi 10 cikin 100, a daidai lokacin da baki ya rufe. A ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, kowace loma mai nauyi: a zuba madara, ƙwai ko mai a cikin abin da yake iya sha, kada a cika masa ciki da ruwan romo zalla. A zaunar da shi sosai kafin ya ci, ya ɗan jima a zaune bayan ya gama. In yana ƙwarewa ko muryarsa na sauyawa bayan haɗiya, a gaya wa likita. A wanke masa baki, domin bakteriyar baki ce kan gangara huhu. Ƙishirwa ma tana dushewa da shekaru, don haka a riƙa miƙa ruwa ba sai an nema ba. Ƙungiyar masana abincin marasa lafiya ta Turai ta ba da shawarar aƙalla lita 1.6 a rana ga mace, lita 2 ga namiji, sai dai mai ciwon zuciya ko ƙoda da likita ya iyakance wa. Wanda kuwa ya yi kwanaki da yawa kusan ba ya cin komai, ba a ɗura masa abinci da yawa farat ɗaya. Hakan na iya faɗar da sinadaran jini irin su fosfet har zuciya ta rikice, shi ya sa ake farawa a hankali ƙarƙashin kulawar asibiti.

Abinci kuma ba ya maye gurbin abin da aka yi musamman don rufe giɓin tsufa. Allurar rigakafin infuluwenza mai ƙarfi, wadda ta ninka ta yau da kullum sau 4, ta fi ta kariya da kashi 24 cikin 100 a gwajin da aka yi kan tsofaffi kusan 32,000, aka wallafa a 2014. Allurar Shingrix ta ƙurajen nan na bairos ɗin ƙarambau tana kare wajen kashi 90 cikin 100 har a waɗanda suka haura 70. A 2023 aka amince da allurar farko ta rigakafin RSV, wani bairos mai kama hanyoyin numfashi, ga 'yan 60 zuwa sama. Magungunan bairos kuma da lokaci suke aiki: oseltamivir na infuluwenza ya fi amfani cikin awa 48 na farko, Paxlovid na korona cikin kwana 5. Iyalin da suka ɓata waɗannan kwanakin suna gwada lemo da zuma sun yi asarar damar da ba ta dawowa.

Sai lokacin da aka fi sakaci da shi, wato bayan an ce ya warke. Zazzaɓi ya sauka, an sallamo shi, masu zuwa dubiya sun ɗauke ƙafa. Amma sha'awar abinci takan yi makonni kafin ta dawo, kuma nauyin da tsoho ya mayar bayan ciwo galibi kitse ne ba tsoka ba, sai in an haɗa furotin da motsa jiki. A waɗannan watannin ne faɗuwa, karaya da komawa asibiti suka fi yawa. Adadin furotin na mai ciwo, giram 1.2 zuwa 1.5 ga kowane kilo, shi za a ci gaba da bi, a riƙa auna nauyi mako-mako, a kuma lura ko ya fara iya tashi daga kujera ba tare da ya dafa ba.